Gugar Zana da Buroshi: Tambayoyi da Amsoshi kan Masu Aron Tsofaffin Zane-zane don Tona Asirin Danniya

Sana'ata rubutun allon shago da zanen bayan mota a nan Garwa. Da la'asar kuma nakan zauna a rumfa da wasu samari da 'yan mata biyu ina koya musu riƙon fensir. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, don Allah wannan me ake nufi da shi?" Hoton wani bene ne da harsasai suka yi wa kaca-kaca, a jikin bangon kuma an shimfiɗa wani zane mai ruwan zinariya. Tun ranar tambayoyi ba su yanke ba, wasu a rumfa, wasu ta WhatsApp daga Marwa da Kuseri har Njamena. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Wai mene ne wannan salon?

Gugar zana ce, amma da fenti. Mai zane zai ɗauko wani tsohon zane da duniya ta riga ta sani, ya bar tsarinsa yadda yake, wato yadda mutane suka tsaya, inda haske yake faɗowa, wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Sai ya canja fuskoki da tufafi da wurin, ya zuba na zamaninsa. Mai kallo ya ga tsohon, ya ga sabon, ya haɗa lissafin da kansa.

Mu da muka tashi a gidan yawa ba ma buƙatar dogon bayani. Mace ta fito tsakar gida tana yi wa kaza faɗa kan cin hatsin da ba ta noma ba, kishiya na ɗaki ta san ba da kaza ake ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Wane zane aka fi aro?

In dai maganar harbin bayin Allah ce, babu kamar na Francisco Goya, ɗan Sifaniya, wanda ake kira Uku ga Mayu 1808. A ranar 2 ga Mayu na shekarar mutanen Madrid suka tayar wa sojojin Napoleon da suka mamaye ƙasarsu. Kafin gari ya waye aka kwashi waɗanda aka kama zuwa bayan gari ana harbewa. Goya ya zana abin a 1814, kuma zanen yana gidan tarihi na Prado a Madrid har yau.

Ku buɗe shi a waya ku tsaya ku kalla. Dare ne. An ajiye wata ƙatuwar fitila a ƙasa, haskenta duka ya tafi kan mutum ɗaya mai farar riga da wando ruwan ɗorawa, yana durƙushe, ya ware hannuwa sama, idanu waje. A gabansa gawa kwance cikin jini. Bayansa wasu sun rufe fuska da tafin hannu suna jiran layi ya zo kansu. Sojojin kuwa sun ba mu baya. Ba a ganin fuskar ko ɗaya, sai jerin huluna da jerin bindigogi, kamar haƙoran zarto. Kafin Goya, masu zanen yaƙi sarki suke sa wa a tsakiya bisa doki. Shi kuwa talakan da ko sunansa ba a sani ba ya sa a tsakiya, ya kuma hana masu bindiga fuska. Wannan dabarar ce kowa yake dawowa ya ara.

Édouard Manet na Faransa ya are ta tsakanin 1867 da 1869. Sarkin Faransa Napoleon na Uku ne ya ɗora wani yarima ɗan Ostiriya mai suna Maximilian a kan mulkin Meziko, da abin ya yi zafi ya janye sojojinsa ya bar shi, aka harbe shi a watan Yuni 1867. Manet ya zana harbin a tsarin Goya, amma ya sa wa masu harbin kaki mai kama da na sojan Faransa. Hukumar Faris ta gane karatun sarai, ta hana a buga hoton a yaɗa. Picasso ya sake ɗauko tsarin a 1951 kan yaƙin Koriya: mata da yara a gefe guda, a ɗaya gefen sojoji kamar na ƙarfe.

Sai Yue Minjun na ƙasar Sin a 1995, shekara shida bayan kisan dandalin Tiananmen na 1989. Nasa ya fi ba ni tsoro. Waɗanda za a harbe daga su sai ɗan kamfai, kuma dukansu sun wage baki suna ƙyaƙyata dariya. Masu harbin sun gyara tsayuwa, sun ɗaga hannu, amma babu bindiga a hannun. Bayansu jan bango irin na tsohuwar fadar Beijin. Duk wanda ya taɓa yin dariyar dole a gaban mai kaki a shingen hanya ya san irin wannan dariyar.

To me ya hana shi ya zana abin da ya gani kai tsaye, ba sai ya ari na wani ba?

Wani lokacin tsoro ne, kuma ba abin kunya ba ne. A Sifaniya zamanin Janar Franco, wasu masu zane na birnin Balensiya, Rafael Solbes da Manolo Valdés, sun yi aiki tare tun 1964 da sunan Equipo Crónica. Sukan ɗauko zane-zanen da gwamnati ke alfahari da su, irin na Velázquez mai zanen fada, su cusa musu kayan zamani da alamun mulkin soja. Mai tace hotuna ya rasa ta cewa: in ya hana, ya hana abin da ake koya wa yara a makaranta.

Amma abin da ya fi tsoro muhimmanci shi ne nauyi. Gwamnati in ta yi kisa, maganarta ɗaya ce ko'ina: 'yan tarzoma ne, 'yan ta'adda ne, abin bai kai yadda ake faɗa ba. Idan ka ɗauki wanda aka kashe jiya ka tsayar da shi inda mai farar rigar Goya yake, ka ba da hukunci ba tare da ka buɗe baki ba, domin duniya ta daɗe da yanke shawarar wane ne azzalumi a wancan zanen.

Hoton da yaron nan ya nuna mini na Tammam Azzam ne, ɗan Siriya. Yaƙi ya raba shi da ɗakin aikinsa, ya koma Dubai, ya kama aiki da kwamfuta. Ya ɗauki zanen Gustav Klimt na masoya biyu lulluɓe da mayafin zinariya, wanda aka yi wajen 1908 yake kuma Biyana, ya ɗora shi kan benen da aka ragargaza. A farkon 2013 hoton ya zagaye duniya, har mutane da yawa suka ɗauka da gaske a bangon aka zana. Hotunan rusassun gidajen Siriya sun yi yawa har ido ya saba. Zinariyar ce ta sa aka sake tsayawa aka kalli ramukan harsashin.

Wannan ba satar fasaha ba ce?

A'a. Ɓarawo ɓoye abin da ya ɗauka yake yi. Shi wannan so yake a gane daga ina ya ɗauko, in ba a gane ba ma aikinsa ya tashi a banza.

Ta fuskar doka, haƙƙin mai zane yana da wa'adi. A Kamaru dokar shekarar 2000 ta sa shi shekara 50 bayan mutuwar mai aikin, a ƙasashen Tarayyar Turai 70. Goya ya mutu a 1828, mai zanen Faransa Delacroix a 1863, Klimt a 1918, don haka nasu ya zama na kowa. Picasso kuwa sai 1973, saboda haka wanda zai kwafi aikinsa ya kai Turai ya sayar, ya nemi lauya tukuna.

An taɓa yin irinsa a Afirka?

Sosai, kuma wanda ya yi ya ɗanɗana kuɗarsa. A 1962 wani matashi a Afirka ta Kudu, Ronald Harrison, ya ɗauki surar gicciye da ke rataye a kowane coci, ya sa fuskar Albert Luthuli, shugaban ANC wanda ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya, a kan gicciyen. Sojojin Rum biyu da ke ƙasa kuwa ya ba su fuskar firaminista Hendrik Verwoerd da ministan shari'a John Vorster. Gwamnatin wariyar launin fata ta haramta zanen, aka fitar da shi a ɓoye zuwa Ingila, shi kuma Harrison aka yi ta kama shi ana azabtarwa. Zanen bai koma gida ba sai 1997.

Mu Musulmi ba mu yarda an gicciye Annabi Isa, alaihis salam, ba, amma ku lura da dalilin da abin ya yi zafi. Masu mulkin nan da Kiristanci suke tinƙaho, kuma kowace tsohuwa a unguwar baƙar fata ta san wannan surar tun tana yarinya. Babu wanda ya nemi a fassara masa.

Akwai kuma Dumile Feni, wanda a 1967 ya yi wani babban zanen gawayi da ake kira Gernikar Afirka, mutane da dabbobi a hargitse, yana amsa wa zanen Picasso mai suna Gernika, wanda ya yi kan wani garin Sifaniya da aka yi wa ruwan bama-bamai. Shekara ɗaya bayan nan ya bar ƙasar, ya mutu a gudun hijira a 1991.

Wani tsohon zanen ma asalin labarinsa a gaɓar Afirka ya faru. A watan Yuli 1816 jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse ya kafe a gaɓar Muritaniya kan hanyarsa ta zuwa Senegal. Kyaftin ɗin ya samu muƙamin ne saboda biyayyarsa ga gidan sarauta, ya shafe shekaru bai tuƙa jirgi ba. Manya suka shige ƙananan jirage, aka tara wajen mutum 147 a kan katakan da aka ɗaɗɗaure, aka sake su a teku. Bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai. Théodore Géricault ya zana su a 1819, kuma wanda ya sa a can ƙoli yana kaɗa ƙyalle baƙar fata ne. A 2015 mai zanen bango Banksy ya sake zana wannan a bangon Kale, garin da 'yan gudun hijira ke taruwa a arewacin Faransa. Duk gidan da ɗansu ya bi ta Agadas ko ta Libiya bai dawo ba, wannan zanen nasu ne.

Malam, kayan aro ba ya rufe katara. Me ya haɗa mu da zanen Turawa?

Wani dattijo mai ɗinkin hula ne ya jefo mini wannan, kuma na ce masa, "Baba, ka fi ni gaskiya da rabi."

Rabin da ya fi ni shi ne wannan: habaici ba ya ci sai wanda ake yi dominsa ya san asalin maganar. Na gwada. Na kwaikwayi zanen Delacroix na 1830, matar nan mai ɗaga tuta tana jan jama'a bisa gawawwaki (na dai sa mata mayafi, don ta asalin ƙirjinta a buɗe yake), na jingina shi a bakin rumfa kwana uku. Wani ɗan acaɓa ya tsaya ya tambaye ni ko tallar maganin ƙarfi ne. Wata mata ta ce ai 'yar fim ce. A Faris kuwa, da wani mai zanen bango, Pascal Boyart, ya sake zana ta a Janairu 2019 da masu zanga-zangar rigar ɗorawa kewaye da ita, ko yaron firamare ya gane, don a littafinsa na makaranta take.

Saboda haka abin da ya kamata mu ara dabarar ce. Mu tambayi kanmu: wane hoto ne kowa ya sani daga Ngaundere zuwa Kuseri, mai boko da wanda bai yi ba? Akwai hoton shugaban ƙasa da ke rataye a ofishin kowane sufurefe da kowane hedimasta, wanda shekaru ke wucewa fuskar ba ta tsufa. Akwai takardar jika goma. Akwai atamfar 8 ga Maris ta ranar mata da atamfar jam'iyya mai fuska a tsakiyar da'ira. Akwai hawan salla, lamido ƙarƙashin laima, dogarai da 'yan algaita, talakawa a gefe cikin ƙura. Akwai zayyanar allon sauka, da aska takwas ta gaban babbar riga, da zanen ƙwarya. Waɗannan su ne namu tsofaffin zane-zanen. Ka zana hawan salla daidai yadda aka saba, laima, doki, kwalliya, amma ka bar sirdin babu kowa, ka ga ko akwai wanda zai ce tallar magani ce.

'Yan Kwango sun riga mu. A shekarun 1970, zamanin Mobutu, masu zanen kasuwa a Lubumbashi irin su Tshibumba Kanda Matulu sun yi ta zana hoto guda: fursuna kwance ana zabga masa bulala ƙarƙashin tutar Beljiyam, Bature na tsaye yana kallo. A baki tarihin mulkin mallaka ne. Amma mai riƙe da bulalar baƙar fata ne cikin kaki, kuma masu saye suna rataye shi a falo sun san bulalar ba ta tafi da Bature ba.

Rabin da na riƙe kuwa: Goya ba ya buƙatar fasfo. Mutum durƙushe gaban bindiga, ko a ina aka nuna shi an gane.

Wane abu ne a tarihinmu ya cancanci irin wannan zanen?

Sun fi ƙarfin buroshi ɗaya. Bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu 1984 a nan Kamaru, an harbe sojoji da farar hula, akasarinsu 'yan arewa, a wajen Mbalmayo, kuma akwai gidaje a garin nan da har yau ba su ga kabarin nasu ba. Babu hoto ko ɗaya da jama'a suka sani na wannan ranar.

A Cadi, Hissène Habré ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990. Hukumar binciken 1992 ta ƙiyasta an kashe mutum 40,000. 'Yan sandan sirrinsa na DDS sun mai da wani tsohon wurin ninƙaya a Njamena kurkukun ƙarƙashin ƙasa, suna kuma da wani ɗauri da ake kira arbatashar, a haɗa hannuwa da ƙafafu ta baya a ɗaure tamau har jini ya daina gudu. Sai 30 ga Mayu 2016 wata kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Ga kuma 20 ga Oktoba 2022, baƙar Alhamis, da aka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Njamena da Mundu da wasu garuruwan. Gwamnati ta ce wajen 50 suka mutu, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar daga baya ta ce 128, aka kuma kwashi ɗaruruwa zuwa kurkukun Koro Toro cikin hamada.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Zelevet, can Mayo-Tsanaga a arewacin Kamaru, kusa da iyakar Najeriya. A watan Yuli 2018 wani bidiyo ya ɓulla: sojoji suna tasa mata biyu a gaba, ɗaya da goyo, ɗaya riƙe da hannun yarinya, suka rufe musu ido suka harbe su duka. Da farko gwamnati ta ce ƙarya ce. Masu bincike, ciki har da na BBC, suka ɗauki layin duwatsun da ke bayan hoton suka gwada da taswirar tauraron ɗan Adam har suka gano hanyar, suka auna inuwa suka gano a 2015 aka yi. A Satumba 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma, na biyar shekara biyu. Dutse ne ya ba da shaida.

Aron tsohon zane zai hana a kama ni?

Ba zai hana ba. Kada wani ya ruɗe ka. Manet an hana shi bugawa, Harrison an azabtar da shi, kuma dukansu a bayan tsohon zane suka laɓe. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A Kamaru, sashe na 153 na dokar hukunta laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar kan cin mutuncin shugaban ƙasa. Ga dokar laifuffukan intanet ta 2010, ga dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014 wadda ke kai farar hula gaban kotun soja. Da ita aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa a watan Yuli 2015, aka yanke masa shekara goma, bai fito ba sai Disamba 2017 bayan ɗaukaka ƙara. A 2016 kotun soja ta yanke wa samari uku shekara goma-goma saboda saƙon barkwanci na waya kan Boko Haram. Inda barkwanci ya jawo shekara goma, kada ka dogara da cewa alƙali zai yaba maka sanin Goya. A Cadi kuwa an taɓa toshe kafofin sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019.

Abin da nake gaya wa yarana: ɗana, kada ka sa fuskar mai rai da sunansa sai ka shirya ɗaukar abin da zai biyo baya, kai da mahaifiyarka. Goya bai ba sojojinsa fuska ba, kuma zanensa bai ragu da komai ba.

Addini fa? Ba an hana zana mai rai ba?

Ni ba malami ba ne, kowa ya koma wa malaminsa. Hadisan da suka yi kashedi ga masu yin sura suna cikin Bukhari da Muslim, babu mai musu. Malamai sun rarrabe: a mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka haramta kai tsaye shi ne sura mai jiki, mai inuwa, cikakkiya, irin gunki, shimfiɗaɗɗen zane a takarda ko ƙyalle kuwa an sassauta hukuncinsa. Wasu malaman sun tsananta a duka. An kuma ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

Wanda ya zaɓi ya tsaya nan bai rasa komai ba. Ɗaya daga cikin 'yan matan da nake koya wa ba ta zana mutum ko dabba. Ta ɗauki tsarin Goya ta kwashe mutanen duka. Ta bar fitilar a ƙasa, ta mai da ita fitilar ƙwai irin tamu, ta bar jerin bakin bindigogi suna leƙowa daga gefe, a inda mai farar riga yake ta ajiye silifa biyu manya da ɗaya ƙarama da zanen goyo a yashe. A baya ta ja layin duwatsu. Wani direban Mokolo da ya zo karɓar allonsa ya daɗe tsaye a gabansa, bai ce uffan ba, ya biya kuɗinsa ya tafi.

Zane ya taɓa kayar da gwamnati?

Bai taɓa ba. Picasso ya zana Gernika a 1937 bayan jiragen Jamus da Italiya sun yi wa garin Gernika ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu don taimakon Franco a yaƙin basasar Sifaniya, kuma Franco ya ci yaƙin ya yi mulki har ya mutu a gadonsa a 1975. Zanen sai 1981 ya shiga Sifaniya. Amma yau ka tambayi mutum abin da ya sani game da wancan yaƙin, dokin nan mai ihu da uwa riƙe da gawar ɗanta zai fara tunawa. A Fabrairu 2003, lokacin da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya je Majalisar Ɗinkin Duniya neman goyon bayan yaƙin Iraƙi, an ja shuɗin labule an rufe kwafin Gernika da ke rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu, inda ake tsayawa gaban 'yan jarida. Jami'ai sun ce don kyamarori ne.

Akwai kuma wata hanyar kashe zane da ta fi labule: a rungume shi. Zanen Delacroix gwamnati ta saye shi a 1831, ba a daɗe ba ta janye shi daga idon jama'a don kada ya zuga su. Bayan shekara ɗari da rabi sai ga shi a jikin takardar faran 100 ta Faransa. Na Yue Minjun an sayar da shi a Landan a 2007 kan fam miliyan 2.9. Wannan yakan dame ni, ba zan ɓoye ba.

Su masu mulkin ba sa amfani da wannan dabarar?

Su suka fara. Jacques-Louis David ya zana Napoleon a 1801 bisa ingarma ya yi tsaye da ƙafafun baya yana haye duwatsun Alp, alhali a kan alfadari ya haye. Kehinde Wiley, Ba'amurke wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya yi suna da juya irin wannan: a 2005 ya sauke Napoleon ya ɗora baƙar fata da kayan titi a kan dokin. Amma a 2023 shi ɗin dai ya baje hotunan shugabannin Afirka 11 a Faris, cikinsu har da Denis Sassou Nguesso da Faure Gnassingbé da Paul Kagame, kowanne cikin tsayuwar sarakunan Turai. Wasu sun ce tona asirin son girma yake yi, wasu sun ce fadanci ne kawai. Ni dai na san maroƙi da mai zambo kalangu ɗaya suke kaɗawa.

Akwai iyakar da bai kamata a ƙetare ba?

Akwai, kuma ba doka ce ta shata ta ba. A 2010 wani mai zane a Johannesbag, Yiull Damaso, ya ari zanen Rembrandt na 1632 inda likita ke feɗe gawa ɗalibai na kallo, ya sa Mandela a matsayin gawar, manyan 'yan siyasa na kewaye. Mandela yana raye a lokacin. Nufinsa a ce wa shugabanni su koyi abin da ke cikin mutumin, amma abin da jama'a suka gani shi ne an yi wa dattijo fatan mutuwa, surutun ya cinye saƙon.

A wajenmu abin ya fi haka tsauri. Wanda aka kashe yana da uwa, yana da mata mai takaba, yana da 'ya'ya masu waya. Kada ka ɗauki fuskarsa daga bidiyo ka zana ba da izinin gidansu ba, kuma kada ka tsiraita gawa don a ce ka iya.

Da manhajar ƙirƙirarriyar basira ai minti ɗaya ne. Ya halatta a ce zane ne?

Azzam ma da kwamfuta ya yi nasa. Matsalar ita ce hoton da ya yi kama da na kyamara: in aka ɗauke shi a matsayin shaida, gobe gwamnati ta nuna na bogi ne, ta haɗa da na gaskiyar ta watsar. Ka yi shi yadda kowa zai gane aikin hannu ne, ka rubuta hakan a jiki.

Ina so in fara. Da me zan fara?

Da gawayin murhu da takardar buhun siminti. Ka buɗe buhun, ka kaɗe shi, ka danne da dutse ya kwana ya miƙe. Sauke hoton Goya daga shafin Prado, ka ja masa layuka huɗu a tsaye huɗu a kwance, ka ja irinsu a takardarka, ka kwafe gida-gida. Kada ka fara da fuska. Fara da duhu: shafe takardar duka da gawayi, sannan ka ɗauki ƙullin burodi ko tsumma ka goge inda haske yake, fitilar da rigar. In ka gama ka fesa masa ɗan ruwan ƙaro da aka tsinka don kada ya goge.

Ka yi haka sau biyar ba ka canja komai ba, har hannunka ya haddace inda kowa yake tsaye. A na shida sai ka cire hulunan sojan Napoleon, ka zo mu zauna mu yi shawarar abin da za a sa a wurinsu. Ina rumfa daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, ban da Juma'a.